Wanda Ya Tsaya a Waje

"Karanta min ƙarshen, Fada. A'a, ba da ka ba, daga cikin littafin. Nuna min inda aka ce ya shiga."

Paraschiva ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon miyar wake a hannu, ta rasa ta shiga ko ta koma. Maƙwabcinta Ilarie yana kwance an tokare shi da matasai, ƙirjinsa na ƙugi kamar ana jan zarto cikin ɗanyen itace. Fada Serafim, limamin cocin ƙauyen, yana zaune a gefen gado da Linjila a rufe a kan cinyarsa.

Ta san misalin da suke ja a kai, ai babu wanda bai san shi ba. Uba ne mai 'ya'ya biyu, ƙaramin ya tafi yawon duniya ya dawo a tsiyace, uban ya yanka masa maraƙi don murna. Babban ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya yi fushi, ya ƙi shiga.

"Ba a faɗa ba, Yaya Ilarie," in ji Fada. "Yesu ya bar ƙofar a buɗe ne da gangan. Mai sauraro shi zai ƙarasa labarin da ƙafarsa."

"Ba a faɗa ba don bai shiga ba. Da ya shiga, ai da an yi shela."

"To mu bar na littafi. Kai, ka yafe wa ƙaninka Gavril?"

"Allah ya yafe masa. Aikinsa ne."

"Kai nake tambaya."

Ilarie ya juya kansa, ya ba shi kunnen hagu, wanda ba ya ji. Fada ya jira, ya jira. Daga bisani ya rufe ɗan akwatin azurfar da ya kawo Jibin Ubangiji a ciki, gurasar tsarki da ake ba mai jinya, ya mayar da shi ƙirjinsa.

"Ba zan sa maka wannan a baki da gaba a zuciyarka ba. Ba ni na hana ka ba, ka sani. Duk lokacin da ka aiko, ko ina bakin abinci ne, zan taso."

A tsakar gida ya rage murya ya tambayi Paraschiva, "Kyandir na kusa?"

"Yana kan taga, Fada, da ashana."

"Kada ki yi nisa. Kin ga hancinsa ya fara tsini, lokaci ya kusa."

Ta yi alamar gicciye. A ƙauyen nan babu abin tsoro irin mutum ya cika ba kyandir a hannu, ya kama hanyar can cikin duhu. Ga kuma Ilarie yana neman ya tafi ba Jibi, ba sulhu.

Da Fada ya fita sai ta hangi karen Ilarie yana tono a gindin bango, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin, abin da mutanen ƙauyen ke ɗauka alamar mutuwa. Ta jefe shi da ɓawon kabewa, ta cike ramin da ƙafa, ta ɗora dutse. Ba ta gaya wa kowa ba.

Gabar nan ta girmi 'ya'yan Paraschiva duka. A zamanin da aka rufe iyakar ƙasa, sojoji na sintiri a bakin kogin Danub, Ilarie yana birni yana karatun zama limami. Ƙaninsa Gavril kuwa ya shafe jikinsa da kitse ya faɗa kogi, ya yi iyo ya tsallaka, bai yi sallama da kowa ba. Ba a jima ba wata baƙar motar 'yan sandan ciki ta zo, aka tafi da Ilarie a ji ko da saninsa. Ya dawo da sanyin hunturu, haƙoran gaba babu, kunne ɗaya ya mutu, makaranta kuma ta soke sunansa. Ya ɗauki fartanya. Shi ya binne ubansu, shi ya yi jinyar uwarsu, aure ma bai yi ba. Abin da ya rage masa na karatunsa shi ne rera waƙa a coci.

Da mulkin wancan zamani ya faɗi, Gavril ya dawo cikin farar mota. Uwarsu ta sa aka yanka maraƙi, ta kirawo masu goge. Paraschiva tana amarya a lokacin, ta kan danga ta ga Ilarie ya dawo daga gonar inabi da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a ƙarƙashin rumfar inabin tsakar gida yana kallon tagogi. Haka ya tsaya har baƙi suka watse. Tun daga ranar kalma ba ta ƙara shiga tsakanin 'yan'uwan ba, ko da Gavril, wanda ya koma ƙetare bayan bikin, ya tsufa, matarsa ta rasu a can, ya dawo ya gina gida a bakin titi. A coci wannan na dama, wancan na hagu. Duk shekara kuma, ranar Lahadin da ake karanta misalin nan kafin babban azumi, sai maƙogwaron Ilarie ya kama ciwo, wani ya rera waƙar.

Yanzu tun da ciwo ya kwantar da shi, kullum da hantsi Gavril zai zo ya tsaya a ƙofar danga da hula a hannu. Ba ya ƙwanƙwasawa. Sai la'asar ya tafi.

Washegari Paraschiva ta tarar da kare ya ture dutsen, ramin ya fi na jiya zurfi. Hankaki sun cika kan rumfar inabi, ganyen duk ya zube, sai busassun rassa. Ta shiga ta ɗaga kan Ilarie, ta kai masa cokali baki.

Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya kira ta da guntun sunanta. "Chiva, miyar nan taki ko mutuwa ce ta ɗanɗana, sai ta juya."

"To sha mana, ko ta juya ɗin."

"Yana nan?"

"Yana nan. Tsoho da ciwon gwiwa, cikin wannan sanyi. Haba Yaya Ilarie, ko don ranka. Kana so ka tafi kamar wanda ba a yi wa baftisma ba?"

Ya daɗe yana kallon fitilar man da ke ci a gaban hoton Maryamu. Da ya yi magana, muryar ta sauka, babu tsokana a ciki.

"Kowa ya karanta misalin nan sai ya tsaya a kan maraƙi. Fada ya ce darasin tuba ne. Wani ya ce babban ɗan Farisiyawa ake nufi, masu ganin sun fi kowa. Na karanta duk wannan tun ba a haifi Fada ba. Amma akwai wurin da suke tsallakewa. Da babban ya ƙi shiga, me uban ya yi?"

"Ya lallashe shi."

"A ina?"

Bai jira amsarta ba.

"Ya fito, Chiva. Ya bar baƙinsa, ya bar kiɗa, ya fito waje ya same shi. Ya kira shi ɗana." Tari ya sarƙe shi, ta riƙe masa kafaɗa har ya lafa. "Ni ba wanda ya fito. Inna ta ɗaga labule ta gan ni, ta saki labulen. Shi kuma yana rawa. To ka ce in shiga, ta wace ƙofa?"

"Ai ga shi ya zo yanzu."

"Ya zo ganin gawa."

Ya rufe ido. Ta goge masa baki, ta fita, ta nufi ƙofar danga. Gavril yana tsaye a nan, ya fi yayansa jiki.

"Ya yi maganata?" ya tambaya.

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Ya saurara yana murza hularsa.

"Na gan shi ranar," ya ce. "Na ga bakinsa ba haƙora, ban san haka suka yi masa ba sai a lokacin. Ƙafata ta ƙi zuwa. Na ce gobe, in mutane sun tafi." Ya kalli tagar. "Kin ga goben."

Da rana aka yi ruwa, bayan ruwan hazo ya taso daga kogi ya rufe ƙauyen, har hasumiyar coci ta ɓace. Paraschiva ta zauna gefen gado tana saƙa. Numfashin Ilarie sai ya tsaya, ta miƙe ta kai hannu ga kyandir, sai ya dawo. Da la'asar barci ya ɗauke shi, akuyarta kuma tana ta kuka a can gida, nono ya cika. Ta ce bari ta tatsa ta dawo, ai danga ce kawai tsakani.

Tana cikin tatsa ta ji kukan karen. Ba haushi ba, dogon kukan nan da ke tayar da tsikar jiki. Ta bar bokitin a nan.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Gado babu kowa, bargo a ƙasa. Kyandir da ashana suna kan taga yadda ta bar su. Ta kwasa ta fito, sai ta ga sawun ƙafa ba takalmi a cikin laka.

Ilarie yana ƙarƙashin rumfar inabi, cikin farar rigar barci, ya rungume ginshiƙin rumfar da hannu biyu, fuskarsa na kallon gidan. Gavril ya shigo danga amma ya kafe a nesa.

"Ya ce kada in matso," ya faɗa mata.

"Yaya Ilarie! Wayyo Allah, kashe kanka za ka yi? Zo mu koma."

"Shhh." Idonsa na kan tagogin da babu haske a cikinsu. "Kina jin gogen?"

Babu abin da take ji sai ɗigar ruwa daga rassan inabi. Ta matse kyandir a hannunta. Gavril ya tako zai nufo shi, Ilarie ya daka masa tsawa da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

"Ba ta nan ba!"

Gavril ya dube ta kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Ta kama hannun rigarsa ta juya shi wajen gidan.

"Shiga ciki," ta ce. "Shiga, ka fito."

Ya bi gefen bango yana ɗingishi, ya hau matakalar, ya shiga gidan uwarsa da rabonsa da shi tun ranar biki. Ya ja ƙofar ya rufe. Paraschiva ta tsaya da kyandir a hannu tana jin ƙugin ƙirjin Ilarie, tana roƙon Uwar Yesu a ranta ta riƙe shi kaɗan. Ƙofar ta ƙi buɗewa. Ta fara tsoron ko zuciyar tsohon ta sake gaza masa.

Sai ƙyauren ya yi ƙara. Gavril ya fito, ya sauko, ya ratsa lakar kai tsaye har gindin rumfa.

"Yaya," ya ce. "Sanyi ya yi yawa. Zo mu shiga."

Ilarie ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ka daɗe."

"Na daɗe, Yaya. Ka yafe min."

"Ka tsufa. Ka yi muni."

"Kai ma."

Bakin Ilarie ya motsa kamar zai yi dariya. Can ya ce, "Ruwan, da ka faɗa, da sanyi?"

"Da sanyi ƙwarai. A tsakiya na so in juyo, igiyar ruwa ta hana."

Ilarie ya saki ginshiƙin. Ya ɗora hannu a wuyan ƙaninsa, nauyinsa duka ya koma kan tsohon mai ciwon gwiwa. Suka fara takawa wajen ƙofa, ƙafa na nutsewa cikin laka. Ba su kai matakala ba gwiwoyin Ilarie suka saki, suka zube tare.

Paraschiva ta durƙusa ta ƙyasta ashana, ta karye. Ta ƙyasta wata, danshi ya kashe ta. Idon Ilarie ya fara juyawa sama. "Tare min iska!" ta yi ihu. Gavril ya buɗe rigarsa ya yi musu rumfa da ita, wutar ta kama. Ta cusa kyandir a hannun Ilarie, yatsun suka ƙi rufewa, Gavril ya ɗora nasa ya matse. Ilarie ya ja numfashi mai tsawo, ya sake shi. Suka jira na gaba, bai zo ba. Kare ya yi shiru.

Fada Serafim ya iso da gudu, laka har gwiwar doguwar rigarsa, akwatin azurfa na lilo a ƙirjinsa. Ya tarar maza maƙwabta sun riga sun kai gawar kan tebur, mata sun rufe madubi da baƙin ƙyalle. Ya ja Paraschiva gefe.

"Ya ce ya yafe?"

"Da baki dai bai ce ba, Fada. Wuyan Gavril ya riƙe. A hannunsa ya cika."

Fada ya dafe akwatin. Sa'an nan ya yi alamar gicciye, ya ce a je a buga ƙararrawa.

Ta ɗora ruwa a murhu don masu wanka. Da ya yi ɗumi, Gavril ya zo ya ɗebi kaɗan a ƙaramin kwano.

"Ɗan'uwa ba ya wankan gawa, ka sani," ta ce.

"Ƙafa kawai."

Ta ƙyale shi. Ya jawo kujera ƙarshen tebur ya zauna, ya jiƙa tsumma, ya matse. Ƙararrawa ta fara bugawa a hankali daga cikin hazo. Ya ɗauki ƙafar dama ya ɗora a tafin hannunsa, yana bin tsakanin yatsun yana fitar da lakar, ruwan kwanon na rinewa.