Ranar Zuwa Gungun Tsamiya

Da ludayi a hannuna na leƙa ta saman danga, ina shirin zazzaga wa maƙwabcinmu Baba Zaidu masifa. Rana ta take, dambu ya huce, 'ya'yana biyu kuma suna gidansa tun hantsi.

"Baba, don Allah sako min ɗiyana su ci abinci! Tahiyar ga ba ta ƙarewa?"

Bai amsa ba. Yara bakwai na zaune a jere cikin tsohon jirginsa na ruwa da ya shekara goma a kan tudu, gindin mangwaro, na ga kamar kowa ya runtse ido gam. Shi yana can baya wurin zaman matuƙi, ya jingina da itacen, filafilin tuƙi a kan cinya. Muryar da ke tashi kuwa ba tasa ba ce, ta Dije ce, babbar 'yata mai shekara goma sha ɗaya.

"Yanzu mun wuce dutsin dorina," in ji ta. "Ku riƙe da kyau. Kak kowa shi buɗe ido."

Ni na jawo wannan wasa, ba kowa ba. Lokacin garinmu Yelwa na cikin jihar Sakkwato, da an ba da dogon hutu sai 'ya'yan ma'aikata su shige mota, wasu Sakkwato, wasu Kaduna, su dawo suna cika wa 'yan ajinsu baki. Dije ta sa ni gaba da kuka, ita ma sai an kai ta wani gari. Ni mai suyar kifi a tashar Yelwa, ina zan kai ta? Na daka mata tsawar da ta tsallaka danga. Sai ga muryar tsoho daga can:

"Asibi, bar ta hakanan. Turo min su gobe, ni ka kai su. Kuɗin jirgi ganyen mangwaro ukku."

Baba Zaidu cikin Gungawa yake, mutanen tsibiran da ruwan madatsar Kainji ya tasa. Tsibirinsu, Gungun Tsamiya, yana ƙarƙashin tafki tun kafin a haifi Dije. Jirgin nan kaɗai ya tsira da shi, ya kuma hana matarsa Mariyamu ta fasa shi ta hura wuta, ko da gindinsa ya ruɓe.

Kafin mako ya zagayo yaran layinmu duk sun zama fasinja. Yau Shanga, gobe Ngaski, jibi har Lakwaja. Yana tsoma filafili a bokiti yana watsa musu ruwa, yana jijjiga jirgin da ƙafa, akuyar Mariyamu in ta yi kuka ta zama dorina. Doka ɗaya ce: ba mai buɗe ido sai matuƙi ya ce "mun iso". Wanda ya riga, garin da za a sauka zai nutse. Gungun Tsamiya ne kawai ya yi ta ja musu rai a kansa, sai ranar ƙarshe ta hutu, wato ranar nan. Ni kuwa ba ranar da ban yi mitar taɓo a rigunansu ba. Da safen nan ma sai da na ce masa tsufa ya mai da shi yaro, ya yi dariya har da tari.

Na zagaya ta ƙofa ina sababi. Taku uku ya rage in isa jirgin, bakina ya mutu. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon saman zana. Ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba. Na taɓa wuyansa, na taɓa ƙirji, ludayi ya suɓuce mini. Ashe tun ɗazu gawa nake wa faɗa.

Ihu ya taho mini har maƙogwaro. Sai na ga Dije na kallona. Ita kaɗai idonta a buɗe, fuska jage-jage da hawaye, ta ɗora yatsa a baki tana girgiza mini kai, muryarta kuma ba ta tsaya ba.

"Ga tsamiyar can ta hwara bayyana. Saura kaɗan."

Daga baya ta gaya mini yana tsakiyar magana ya yi shiru. Ta saci kallo, ta gani, ta ji tsoron kar ƙananan su gani, shi ne ta ɗauki labarin daga inda ya ajiye. Mariyamu ta tafi kasuwa, gidan ba babba. Yarinyar nan ta fi rabin awa tana tuƙa yara shida da gawa a bayanta, ni ina can ina fushin dambu.

Na haɗiye ihun. Na ce, "Baba ya ce ku sauka, akwai ruwa kaɗan da za a taka. Kowa shi kama rigar na gaba nai. Ido ruhe!"

Haka na ja su kamar jerin 'yan kaji, suna ɗaga ƙafa suna kyarkyata dariya, har cikin gidana. Sannan na fita layi na kurma salati.

Sauran yaran iyayensu suka kwashe su, suka buɗe ido, suka yi kukansu. Amma Bello, autana mai shekara biyar, ya ƙi. Ya zauna bakin turmi ya toshe fuska da tafin hannu.

"Bello, buɗe ido ka ci dambu."

"Baba bai ce mun iso ba."

"To ni na ce. Mun iso."

"Ke ba matuƙi ba ce, Inna. In na buɗe, garin Baba shina nutsewa."

Na lallashe shi, na yi barazanar duka, na kawo masa kan kifi da yake so, duk a banza. Yana jin kukan Mariyamu ta danga, yana jin maza na shige da fice, bai tambayi komai ba. Aka yi wa Baba wanka, aka sallace shi bayan la'asar, aka ɗauke shi, yaron nan na zaune hawaye na bi ta tsakanin yatsunsa. Tsoro ya kama ni sosai. Na rasa yadda zan gaya wa ɗan shekara biyar cewa mai faɗin kalmar da yake jira ba zai sake magana ba.

Dije ce ta tashi ta tsinko ganyen mangwaro uku ta danƙa masa, ta kama hannunsa suka tsallaka. Na bi su. Matan da ke zaman makoki a tsakar gida suka bi mu da kallo. Ta zaunar da shi a jirgi, ta je wurin Mariyamu ta durƙusa.

"Iya, ki ara min filafili nai."

Tsohuwa ta dube ta, ta dubi yaron, ta miƙa mata da hannu biyu.

Dije ta hau wurin matuƙi. Ta tsoma filafili a bokiti, ruwan da Baba ya ɗebo da safe, ta watsa.

"Bello, Baba ya ba ni tuƙi. Kana jin ƙamshin tsamiya?"

"Ina ji."

"Riƙe da kyau, za mu bugi gaɓa." Ta jijjiga jirgin da ƙafa. "To. Mun iso."

Ya sauke hannu a hankali, yana ƙyafta ido saboda haske. Ya dubi mangwaro, ya dubi matan da ke zaune, ya waiga baya.

"Bai nutse ba?"

"Bai nutse ba."

"Ina Baba?"

Dije ta ce, "Ya riga mu sauka."

Bello ya gyaɗa kai. Ya ajiye ganyensa uku a wurin zaman matuƙi, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, sannan ya ziro ƙafa ɗaya waje a hankali, yana laluben zurfin ruwa a kan busasshiyar ƙasa.