Sa'a Ɗari Shida

Ina riƙe da ƙofa, ma'aikata biyu suna kiciniyar shigo da gadon asibiti falon Baba Nehemiah, sai na ji muryarsa daga kujera.

"Humaira, kada su taɓa min tebur."

Ba su taɓa ba. Suka ajiye gadon jikin taga, suka ba ni takarda na sa hannu, suka tafi. Shekara tara muna bango ɗaya da shi a Levenshulme. Mutumin Wusasa ne, ya zo karatun lantarki a 1963 bai koma ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa Clara tana aiki a Birmingham, sai Juma'a take zuwa. GP, likitan unguwa, ya ce kwanaki ne suka rage masa. Da ya faɗa ban ji komai ba, na dai tambayi inda zan karɓo magani.

"Miƙo min gwangwanin taba ɗin can," in ji shi.

Wasu 'yan ƙarafa ne a ciki kamar ƙwayar wake, kowanne da ƙafa uku. Goma sha biyu.

"Taransista ke nan. Kakan abin da ke cikin wayarki." Ya huta. "Da can rediyon soja da ƙwan gilashi yake aiki. A ɗan jijjiga shi a mota, ya mutu. Shi ya sa soja suka zuba kuɗi a kan wannan. Amma sai suka kafa sharaɗi. Na rediyon gida in ya mutu, mai shi ya yi tsaki, shi ke nan. Nasu kuwa sai an gwada."

Gwajin shi ne aikinsa a wata masana'anta a bayan gari. A daskarar da su, a girgiza su, sannan a bar su cikin tanderu sa'a dubu suna aiki. Wanda ya rayu, soja su ɗauka. An sa shi rantsuwa ba zai faɗi aikin ba, ko matarsa ba ta sani ba.

"A 1968 tanderun ya lalace a sa'a ɗari shida. Foreman, shugabanmu a wurin aiki, ya ce mota na jira, in sa hannu cewa sun cika sa'a dubu. Ni kaɗai ne baƙi a ɗakin, ga matata da cikin Clara." Ya dubi silin. "Na sa."

"Sai me ya faru, Baba?"

"Ƙanena Ishaku shi ke ɗaukar oba-oba a rundunarsu, lokacin yaƙin basasa. Bayan wata bakwai wasiƙa ta zo. An ritsa da su a bakin wani kogi. Ya yi ta kira, rediyon bai amsa ba. Can ya rasu."

"Amma ai ba ku san ko naku ne ba."

"Ban sani ba. Ba a gaya mana inda kaya ke zuwa."

Waɗannan sha biyun daga rukunin nan ya ɓoye su a aljihu. Bai taɓa gwada su ba. Yanzu hannunsa rawa yake yi, don haka ya sa na ɗauko tsohuwar mitarsa, ya nuna min inda zan ɗora jar waya da baƙar waya.

"Allurar ta motsa?"

"Ta motsa."

"Na gaba."

Haka muka yi ta yi. Bas ta wuce a Stockport Road, tagar ta yi ƙara. Na sha biyun ma allurar ta motsa. Na ɗago ina jiran in ga sauƙi a fuskarsa.

"Duk lafiya lau, Baba."

"Waɗannan a gwangwani suka zauna," in ji shi. "Ba su je daji ba."

Ya juya fuskarsa bango. Na dama masa kunu, ya sha cokali biyu.

Ranar Alhamis da hantsi numfashinsa ya canja. Nas ta ce a kira iyali. Na kira Clara, ta ce ga ta nan, sai ta sake bugowa ta ce babbar hanyar M6 ta cushe, an yi hatsari a gaba. Na kara masa wayar a kunne tana ta cewa "Daddy, ina zuwa." Ƙarfe ɗaya da kwata ya cika. Nas ta duba agogo ta rubuta. Ni kuma na wanke kofin kunun, na goge, na sake wanke shi.

Sai uku saura Clara ta iso. Ta daɗe a tsaye bakin gadon, makullin mota a hannunta.

"Anti, ya ce wani abu?" Ta girme ni, amma haka take kirana.

"Ya ba ni labarin Kawu Ishaku. Da aikinsa."

"Aikin gyaran rediyo?"

"Zauna tukuna," na ce.

Na faɗa mata duka, yadda ya faɗa min, ban rage ba. Ta saurara tana kallon ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo. Ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi ba.

"Okay," in ji ta.

Can ta leƙa ta taga. Motar shara ta riga ta wuce, kowa a layin ya shigar da robar bolarsa, saura ta Baba a bakin titi, murfin a buɗe, yayyafi na zuba ciki. Ta fita ba laima, ta rufe murfin, ta jawo ta a hankali zuwa bayan gida.