Ƙwanƙwasa Biyu

Shekara ashirin da uku Baba Jiniya ya yi yana tuƙa motar asibiti, kuma akwai wata al'ada tsakaninsa da nas ɗin da ke zama a baya da mara lafiya. Gilashi ne ya raba su. Idan mutum ya cika a hanya, ba ta cewa komai. Sai ta ƙwanƙwasa gilashin sau biyu da zobenta, shi kuma ya kashe jiniya, ya sassauta ƙafa, su ƙarasa a hankali kamar masu dakon ƙwai.

Tun ranar da suka kwaso yara huɗu daga hatsarin motar makaranta, ƙarar nan ta bi shi har gida. Yana alwala sai ya ji ta a jikin buta. Matarsa ta ajiye cokali, gabansa ya faɗi. Abin mamaki, bai taɓa jin ɗaya ko uku ba. Biyu cif.

Wata Talata da hantsi suka ɗauko wani magini da ya faɗo daga bene. Suna tsakiyar titi ya ji ƙwas, ƙwas. Ya kashe jiniya, ya yi salati a ransa. Nan da nan motoci suka rufe gabansa.

Muryar nas ta ratso gilashi. "Baba, lafiya? Mutum na numfashi ka tsaya kallon gari?"

"Ba ke kika ƙwanƙwasa ba, 'yata?"

"Da wane hannun? Duka biyun na danne da ciwonsa."

Minti shida suka ɓata kafin hanya ta buɗe. Baba ya zauna a bencin ƙofar tiyata, bai ci ba bai sha ba, har la'asar, da aka ce magini ya farfaɗo.

Daga nan ya wuce ofishin oga, ya ajiye makullin motar a tebur.

"Kai da ko mura ke tsoronka?" in ji oga. "Me ya faru?"

"Ranka ya daɗe, kunnena ya fara yi mini ƙarya. Yau na kusa kashe mai sauran kwana."

Oga ya ɗauki makullin, ya jefa shi a durowa.

"Makullinka na nan yana jiranka. Duk Alhamis akwai likitan da ke sauraron irinmu. Ni ma sai da na je."

Baba ya share fuska da hularsa. "Ƙarfe nawa yake fara zama?"