Hannu Na Goma Sha Uku

“Kai ka cuci mijina, Tela!”

Tela ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Baba ce tsaye a bakin shago, ta rungumo allon ces, darar nan ta Turawa, 'ya'yan wasan na kwaramniya cikin gwangwanin madara.

“Baba, ni kuma? Ki zauna tukuna.”

Ba ta zauna ba. Ita fa ba butulu ba ce. Bara, da ɓarin jikin maigidanta ya shanye, wata huɗu ya yi yana kallon bango, ko ruwa sai ta yi magiya. Telan nan ne ya riƙa ajiye almakashi kullum da la'asar, ya shigo ya jera masa sojoji da dawaki, har ya sa shi ya haddace hannu goma sha biyu na buɗe wasa. A kan allon nan ta fara jin dariyar tsohon. Ba sallar da take idarwa ba ta sa Tela a addu'a ba.

“Jiya ya buga da wani tsohon direba,” ta ce. “Goma sha biyun nan ya zubo su tiryan-tiryan, har ana tafa masa. Da aka zo na goma sha uku, sai ya tsaya, hannu a sama, bai san wanda zai taɓa ba. Direba ya cinye shi tas. Tun jiya ya juya wa ƙofa baya, ko loma bai yi ba.”

Tela ya sosa ƙeya. Ya karɓi allon ya jera a kan teburin yanka.

“Duba nan, Baba. Buɗewar da na koya masa, duk sojojinsa sun fuskanci gefen sarkin abokin wasa. Nan ya kamata ya tura dawakinsa. Tun daga farko take nuna hanyar tsakiya.”

“Ka faɗa masa haka?”

“Na ga kamar zai yi masa yawa.”

“Yawa! Ƙafarsa ce ta mutu, ɗan nan, ba kansa ba. Ka yanka yadi ka miƙa wa mutum ba ɗinki, ka ce ya sa ya fita?”

Ta share ido da bakin mayafi.

“Allah ya saka maka, ka yi mana abin da dangi ba su yi ba. Amma rufe shagon nan. Ka zo ka tsaya a gabansa, ka faɗa masa da bakinka dalilin da ya sa ka raina shi.”