Taku Dubu Goma a Zaune

"To ka ce ƙarya nake yi mana! Faɗi, kunnena ya ji."

"Ni ban ce ba, Baba. Takarda ce ta ce."

"Takarda ta san ni?"

Auta ya ajiye sakamakon gwajin jinin a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da guntun alli. Wata uku ke nan da likitan asibiti ya ce kitse ya lulluɓe hantar mahaifinsa, in ba a tashi tsaye ba za ta yi tabo, tabon hanta kuma ba ya gogewa. Jiya aka sake ɗibar jini. Lambobin da ake fata su sauka, hawa suka yi.

Baba bai ko kalli takardar ba. Ya tura ƙafar wando ƙarƙashin allura, ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai, babu abin da ba su yi ba. Shi ya kai tsohon wurin wata likitar maganin gargajiya na Sin, a saman bene, ɗakin da ke warin saiwa. Matar ta riƙe hannun Baba ta daɗe tana sauraren bugun jini, ta sa ya zaro harshe, sannan ta ɗaure masa ƙunshin saiwoyi da ɓawo. Ƙunshi ɗaya a rana, ta faɗa har sau uku tana ɗaga yatsa. Ta ce kada ya bar maganin asibiti. Ta ce hanta ba ta son zama kuma ba ta son fushi, sai ya riƙa tafiya kullum har gumi ya tsatso. Yaya, babbar 'yar gidan da ke aure a wani gari, ta aiko da agogo mai ƙirga taku, wanda take ganin lissafinsa a wayarta. Kullum taku dubu goma, wani lokaci har da ɗoriya. Yaya tana ta sa albarka.

"Mai taku dubu goma kullum, tumbinsa ba ya zama yadda yake," in ji Auta.

"Tumbina gado ne. Kai ma naka yana hanya."

Iskar fanka ta ɗauke takardar, ta jefa ƙarƙashin keke. Auta ya yi tsaki ya durƙusa. A nan ya gani. Agogon yana ɗaure a jikin fedar keken da wani siririn ƙyalle, ɗauri mai kyau, irin na tela. Ƙafar Baba tana sama tana ƙasa, lambobi suna ta gudu.

Ya daɗe a durƙushe kafin ya ɗago.

"Baba, ashe keke ne ke jinyar hanta."

Keken ya tsaya.

"Wa ya ce ka leƙa?"

"Wata uku! Yaya tana can tana nuna wa mutane waya, wai mahaifinta ya fi samari."

"To ƙafar wa ke motsa shi? Ta maƙwabci? Shekara arba'in ina taka wannan abu. Da tafiya ake lissafawa, da tuni na kai bangon duniya na dawo. Ita mai maganin cewa ta yi in motsa, ga shi ina motsawa."

"Daga idon sawu zuwa ƙasa."

"Nan ma jikina ne."

Auta ya juya don kada bakinsa ya faɗi abin da zai yi nadama. Idonsa ya sauka kan kwalin magani a bayan ƙofa. Ƙunshi talatin ya karɓo farkon wata, yau sha huɗu. Ya buɗe. Biyu suka rage.

"Ina sauran?"

Baba ya shiga neman zaren da ke hannunsa.

"Baba, ina sauran?"

"Na sha. Zubarwa zan yi? Na ga tafiyar ba ta samu yadda ake so ba, na ce bari in ƙara wa maganin ƙarfi, wannan ya cike gurbin wancan. Biyu nake dafawa. Ka ji ɗacinsa kuwa? Ciwon da ya ji wannan ɗaci bai gudu ba, ai ba shi da kunya."

"Hantar ce ke tace shi! Ita ake lallashi, kai kana ɗora mata kaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago."

"Kai likita ne yanzu? Mai ɗaukar buhu a sito?"

Maganar ta soki Auta, ya haɗiye. Ya duba wayarsa. Hutun awa ɗaya ya roƙa a wurin aiki, rabi ya tafi.

"Me ya hana ka tafiyar? Titi ne babu?"

Tsohon ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya sake gogewa.

"Na fita," ya ce. "Ranar farko, da sassafe, kana fita aiki na bi bayanka. Ban wuce wurin mai faci ba numfashi ya ƙwace mini. Gidaje nawa ne tsakani? Takwas? A kan taya na zauna, ƙasa tana juyawa. Wata mata da na ɗinka wa kayan makaranta tana ƙarama ta tsaya tana mini fifita da mayafi, tana cewa a taimaki tsoho. Mai faci ne ya riƙo ni har ƙofar nan, kamar buhun da kake ɗauka."

"Ba ka faɗa ba."

"In faɗa wa wa? Kai ka fita tun rana ba ta fito ba. Yayarka kuma lamba take so, na ba ta lamba."

Auta ya ɗauki almakashi, ya sake durƙusawa, ya datse ƙyallen. Ya kamo hannun mahaifinsa ya ɗaura agogon. Sai da ya kai ramin ƙarshe na maɗaurin kafin agogon ya zauna, hannun ya kumbura fiye da yadda ya sani.

"Gobe za a kira mai maganin a gaya mata abin da ka sha, a koma asibiti kuma. Yanzu tashi. Wurin mai faci kawai, mu dawo. In ka gaji mu zauna tare, a ce ni ne na gaji."

"Wandon mutane fa?"

"Mai wando ba zai mutu ba."

Baba ya yi ƙunƙuni, ya laluba takalmansa da ƙafa, ya miƙe yana dafa tebur. A bakin ƙofa ya tsaya. Rana ta ƙwalle, ga tarin tayoyin mai faci can ana hango su, kusa ƙwarai. Wayar Auta ta fara ruri a aljihu, daga wurin aiki ne. Tsohon ya dubi aljihun, ya dubi titi.

"Yau kana nan," ya ce. "Gobe fa?"