Eirlys da Katangar Tsauni

Eirlys ta ɗora ƙafa kan dutsen farko, gwiwarta ta yi ƙas, har Idwal da ke biye da ita ya ji.

"Wannan ƙarar taki ce ko ta ƙyaure?" in ji shi.

"Taka ce, tsoho. Kunnenka ya daina gane gabas da yamma."

Ya yi dariya har da tari. Maƙwabcinta ne tun ranar da aka kawo ta amarya gonar Bryn Eithin, kuma tun rasuwar mijinta shi ke raka ta zagayen katanga. Haka ake yi a kwarin: kafin a saki tumaki da 'ya'yansu su hau tsauni, sai wani daga gidan ya bi katangar duwatsun da ta kewaye makiyaya, ya mayar da duk dutsen da sanyi ya ture. Da sassafe ake fita ta ƙofar gabas, a dawo ta ƙofar yamma rana na faɗuwa, in ƙafa ta yarda.

Bana kuwa ba katanga kaɗai ake dubawa ba. A tsakiyar sanyi Eirlys ta bar tukunya a wuta ta tafi coci, har labulen kicin ya kama. Ɗanta Gethin ya zo daga gari fuska a murtuke, ya ce ta tattara ta koma wurinsu. Ita kuwa, da yake ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, sai ta kafa masa sharaɗi: in ta zagaya katanga da ƙafarta kamar kullum, ya bar ta a gidanta, in ta kasa, ta bi shi ba musu. Ya yarda da sauri, don a zatonsa gwiwar ba za ta kai ta ko rabin hanya ba. Yanzu haka yana can kicin ɗinta yana jiran yamma.

Hawan farko ne mai cin rai. Suka yi shi shiru, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa haki. Da suka kai doron tsauni sai duniya ta buɗe: tuddai bayan tuddai, shuɗi-shuɗi, wani ɗan tafki kwance can ƙasa kamar an manta faranti a ciyawa. Shirwa na shawagi ba ta ko kaɗa fiffike. Eirlys ta ji daɗi ya cika mata ƙirji, irin daɗin da ba ta faɗa wa kowa, don mutanen kwarin sun fi yarda su yabi tunkiya da su yabi tsauni.

Suka ratsa fadama, laka na tsotsar takalmansu. Inda dutse ya faɗi, Idwal ya ɗaga, ita kuma ta gaya masa ya sa shi ba daidai ba. Da rana ta take suka zauna jikin katanga, ta fito da burodi da cuku da filas ɗin shayi. Nan ne suka hango wata tsohuwar tunkiya ita kaɗai tana kiwo, hankalinta kwance.

Idwal ya ƙanƙance ido ya dubi tsagar kunnenta. "Ke, ba wannan kika sayar wa Penri bara ba? Gonarsa fa tana bayan kogi!"

"Ita ce, 'yar banza."

"To ta dawo. Penri ya biya kuɗi, ke kina ciyarwa."

Babu wanda ya yi mamaki. Tumakin tsauni ba a koya musu iyaka. Uwa ce ke nuna wa 'yarta inda za ta ci, inda za ta fake wa iska, kuma ko ina aka kai ta, ranar da ta ga dama sai ta tsallake shinge ta koma inda aka haife ta. Eirlys ta jefa mata ɓawon burodi, tunkiyar ta dube shi ta kau da kai.

Bayan sun tashi gajimare ya sauko. Bai zo da iska ba, a hankali ya zo, ya shafe tafkin, ya shafe tuddai, ya bar musu katanga da ɗan abin da ke gaban ƙafa. A wani lungu suka tarar katangar ta rushe sosai.

"Yi gaba, Eirlys, kada gwiwar ta yi sanyi," in ji Idwal yana naɗe hannun riga. "Katanga a damanki. Zan cim miki."

"Ni za ka koya wa dama da hagu?"

Ta tafi, yatsunta na shafar duwatsu masu laima. Shiru ya yi yawa har tana jin ɗigar ruwa daga bakin hularta. Can gaba katangar ta rabu biyu, kamar yadda take tun fil azal: ɗaya ta ci gaba da zagaye, ɗaya tsohuwa ta gangara ɗaya kwarin, Cwm Onnen, inda aka haife ta. Eirlys ba ta tsaya ba, ba ta yi shakka ba. Ƙafarta ta ɗauki mai gangarawa.

Abin mamaki, gwiwar ta daina ciwo. Jikinta ya yi sakayau. Ga dutsen nan mai kama da sirdi, ga ƙoramar da ake tsallakawa da taku ɗaya in ba a tsoro. Ta tsallaka. Ta kai wa Baba shayinsa can sama, ta tsaya wasa da 'yan raguna, yanzu ga shi ta makara, Mama za ta yi faɗa. Yau ranar gashin burodi ce, tana ma jin ƙanshinsa cikin hazon. In ta yi sauri za ta samu ɓawon gefe da zafinsa, kafin yayanta Emrys ya riga ta. Ta soma 'yar waƙar da suke yi a makarantar Lahadi, muryarta siririya, hazon na haɗiye ta.

Gidan ya fito daga cikin farin nan, ga itacen da ke bakin ƙofa, ga tagar kicin da haske. Ta tura ƙyaure da kafaɗa, don kullum yana cijewa.

"Mama, na dawo!"

Wata matashiya ce tsaye a tsakar ɗakin, da safa a ƙafa, da jariri a kafaɗa. Baƙuwa ce, irin masu hayar gidajen kwari su yi hutun mako. Ta ce wani abu da Turanci, a tsorace amma da ladabi. Babu murhu, babu burodi, sai wata farar na'ura tana ƙugi a inda kujerar Baba take. Eirlys ta dubi hannunta da ke riƙe da ƙyauren. Hannun tsohuwa ne, jijiyoyi ruɗu-ruɗu, da zoben aure da ya shige cikin nama. Mama tana maƙabartar coci tun Gethin na rarrafe. Emrys ma yana can kusa da ita.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar labule.

Sai ga Idwal yana haki kamar zai faɗi, ya bi sawunta a laka. Ya cire hula, ya ba baƙuwar haƙuri da Turancinsa na kasuwar dabbobi, ya ce tunkiya suke nema. Ya kama gwiwar hannun Eirlys suka fito.

Komawa sama ta ci su. Gwiwar ta dawo da ciwonta har da ƙari. Sai da suka isa mararrabar katanga ya yi magana, bai dube ta ba.

"Ni ban ga komai ba. Hazo ne. Ko ni na taɓa ɓata a nan."

"Ƙarya kake, ba ka taɓa ba."

"To na kusa."

"Ban ɓata ba, Idwal," ta ce a hankali. "Duk dutsen da na taka na san shi. Shekaruna ne ban sani ba."

Suka ci gaba, katanga a dama. Ba ta sake gaya masa ya sa dutse ba daidai ba, shi kuma ya riƙa sa su a karkace da gangan ko za ta tanka.

Gab da faɗuwar rana gajimaren ya yaye. Bryn Eithin na can ƙasa, farin bango, hayaƙi na tashi a miƙe, tumaki cike da fili suna kiran 'ya'yansu. Ta tsaya ta dube shi da kyau. Tana son gidan nan fiye da yadda ta taɓa faɗa wa mijinta tana son sa.

Gethin na jingine da ƙofar yamma. Da ya hango su ya taho da gudu, yana dariya, idonsa ya yi ja.

"Mama! Kin zagaya! Na yi ta cewa yanzu za a kira ni in zo da tarakta."

"Akuya ce uwarka, yaro," in ji Idwal da ƙarfi. "Ni ta ja, ba ni na ja ta ba."

"Shi ke nan, kin ci," Gethin ya ce. "Na yi alkawari, ba zan sake tayar da maganar ba. Zauna a gidanki."

Eirlys ta dubi Idwal. Ya duƙufa kan sakatar ƙofa, wai ta cije.

"Bari a saki tumakin jibi, in ga hawansu," ta ce. "Daga nan ka nemo kwalaye. Manya, kwanukana da yawa."

"Kwalaye? Mama, kin ci fa."

"Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta miƙa masa hannu. "Riƙe ni, gangaren nan da santsi."