Dutsen da Mukhtari Bai Gani Ba

Shekara goma sha ɗaya Mukhtari ya yi a Bronx yana kai wa mutane abinci gida a kan keken batir, amma shi bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin hawan keke ba. Hawan keke a wurinsa na ranar Lahadi ne. Da gari ya waye zai fito da siririn kekensa na tsere daga gidansu a University Heights, ya tarar da Gafaru yana jiransa a ƙofar shagon wanki.

Gafaru mutumin Zangon Kumasi ne, aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu. Mukhtari ya ba shi shekara goma sha biyu, kuma shi ya ja shi cikin harkar, bayan ya ji shi a masallaci yana kukan ƙiba da hawan jini. Sukan haye gadar George Washington su gangara wata siririyar hanya da ke bin bakin kogin Hudson, a gindin wasu baƙaƙen duwatsu masu tsayin gaske. Da safe mota ba ta cika bi ba. Ba ka jin komai sai kukan kaca da numfashinka.

Mukhtari ya ce wurin na tuna masa gida. A Mangu ya tashi, kuma tun yana saurayi yake tuƙa keke tsakanin Panyam da Kerang, inda tuddai suke tsaye kamar an kifa ƙwarya, waɗanda aka ce a zamanin da sun yi aman wuta. Nan ma, in ji shi, narkakken dutse ne ya daskare. Gafaru sai ya yi dariya ya ce shi ba ruwansa da tarihin dutse, a dai rage gudu a hawa.

Ƙa'ida ɗaya Mukhtari ya koya masa. Na baya yakan manne wa tayar na gaba don ya tare masa iska, saboda haka ba ya ganin hanya. Na gaba ne idonsa. In akwai rami ko reshe, na gaba ya nuna da hannu, ya ɗaga murya. Shekara huɗu suna haka, Mukhtari a gaba, ko ƙwarzane Gafaru bai taɓa samu ba.

A watan Yuli Mukhtari ya fara ganin wani duhu-duhu a ƙasan idonsa na dama, kamar hayaƙi. Likitar da ta duba shi ta ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyin idon, na hagun ma ya soma. Ta ce ya ajiye keke har a gama magani.

Ya ce to. Da ya fito sai ya hau kekensa ya koma aiki. Da keken yake ci, da shi iyalinsa suke ci a Jos. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi karkata kai yana duban hanya da idon hagu, ya ce wa ransa ai hanyar Lahadi ko ido rufe ya san ta.

Lahadi ta biyu a watan Oktoba aka kwana ana ruwa. Ganye ya zube a kan kwalta, inuwar itatuwa ta yi rodi-rodi. Suna cikin doguwar gangara da gudu, Gafaru na manne a bayansa, sai Mukhtari ya ga abu kwatsam da idonsa na hagu, dab da tayarsa. Dutse ne kamar girman tulu, ya ɓallo daga sama. Jikinsa ne ya kauce da kansa. Bai nuna ba, bai ce uffan ba, babu lokacin yin haka.

Ƙarar da ya ji a bayansa ba ta da ƙarfi sosai. Da ya taka birki ya waiwaya, keken Gafaru na kwance tayar gaba ta lanƙwashe, shi kuma yana can gefen hanya a kan duwatsu, rigingine, hular kwanonsa ta tsage.

"Gafaru! Gafaru!"

"Ina ji, Malam," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ƙafafuna fa? Duba mini ƙafafuna."

"Ga su nan, lafiyarsu lau. Kada ka motsa."

"To me ya sa ba ni jin su?"

Wata Baturiya mai keke ce ta tsaya ta kira motar asibiti. Mukhtari ya durƙusa ya riƙe kan abokinsa da hannu biyu kamar yadda ta ce, yana ta maimaita salati har bakinsa ya bushe.

Ƙashin baya ne ya karye. Aka yi aiki sau biyu. Likitoci suka ce daga ƙugu zuwa ƙasa da wuya ya sake motsi.

Mukhtari bai sake hawa keke ba, ko na aiki. Kullum yana asibiti. Mutanen masallaci in sun zo dubiya sai su kama hannunsa su ce Allah ya bar zumunci, irinsa sun yi ƙaranci a ƙasar nan. Suweiba, matar Gafaru, ta riƙa zuba masa abinci a kwano daban.

"Malam Mukhtari, ka ci mana," takan ce. "Ba don kai ba da a daji zai mutu."

Sai ya karɓa ya ajiye a gefe. Shi kuwa Gafaru duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi, amsarsa ɗaya ce: ƙaddara ce, dutse ya faɗo a kwana, ba wanda zai gan shi. Mukhtari ya san ba a kwana dutsen yake ba. Miƙaƙƙiyar hanya ce. Mai ido biyu zai hango shi tun daga nesa.

Sati bakwai ya yi da maganar a cikinsa. Ya rame, salla ma sai ya rasa raka'a nawa ya yi. Ran nan da la'asar, bayan an mayar da Gafaru gidan gashin ƙashi, ya tarar da shi shi kaɗai a keken guragu yana kallon taga. Ya zauna a bakin gado.

"Gafaru, akwai abin da ban gaya maka ba."

Ya faɗa masa duka: hayaƙin ido, likita, abin da ta ce. Bai ƙara ba, bai rage ba. Gafaru bai juyo ba sai da ya gama.

"Tun yaushe?"

"Tun Yuli."

"Yuli." Gafaru ya riƙa motsa yatsu a kan cinyarsa. "Duk Lahadin nan ina bayanka, kaina ƙasa. Da ka ce mini Gafaru shiga gaba, ai zan shiga. Kalma ɗaya, Malam."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ni nake wanke tsofaffi, ina ɗaga su, ina canza musu zane. Yanzu ni ake wa. Yarinya sa'ar ɗiyata ta juya ni kamar buhu." Ya dubi Mukhtari. "Me ya sa ka faɗa mini? Don ka samu barci?"

Mukhtari ya matso kusa da shi.

"Ka yafe mini don Allah."

"Kada ka sa Allah a gaba ka matsa mini. Ban iya ba yanzu." Ya mayar da fuskarsa ga taga. "Suweiba kada ta ji daga bakinka. Tashi ka tafi."

Ya tafi. Wani ɗan Nijar mai shagon kayan abinci, Nasser, ya ɗauke shi aikin jera kaya a ɗakin ajiya na ƙasa. Ya fara zuwa ana yi masa allura a ido duk wata. Na hagun ya tsaya inda yake, na daman ya tafi. Keken tseren ya ba wa wani maƙwabci ba tare da ya karɓi komai ba.

Wata uku ba kira, ba saƙo. A ƙarshen Fabrairu, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Suweiba ce. Ba ta gaishe shi yadda ta saba ba, sai ya gane ta ji.

"An sallame shi yau," ta ce. "Liftar benenmu ta lalace, hawa biyar ne. Mutum uku na samu, kowa na wurin aiki. Shi ya ce a kira ka."

Ya isa ya tarar da su a ƙasan bene, ƙanƙara na narkewa a takalmansu. Gafaru ya faɗa ƙwarai, gemu ya fito masa da furfura. Mukhtari ya yi sallama, Gafaru ya amsa yana kallon matakala. Suweiba ta ɗauki jakunkuna ta yi gaba.

"Kai kama ta ƙasa, ɓangaren hagu," in ji Gafaru. "Nurudeen zai riƙa faɗa maka matakala."

Suka ɗaga shi su huɗu. Benen matsattse ne, a kowane hawa sai sun sauke sun huta. Nurudeen, ƙanen Suweiba, yana ƙirga matakala da ƙarfi, Mukhtari na lalube da ƙafa. Da suka shigar da shi falo, Suweiba ta kawo wa mutanen ruwa, ta ajiye na Mukhtari a kan tebur ba ta miƙa masa ba. Ya sha a tsaye. Ya tambaya ko akwai sauran kaya a ƙasa, aka ce akwai gado da kujerar wanka. Ya sauka ɗauko su.